Lanƙwasar ƙashin gaban kafaɗa da bambancinta tsakanin mutane: batun suna da siffantawa a hausa, bisa misalin Gure

0. Gabatarwa

Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram, malamai ke fuskantar tambaya guda a kowane darasi: da wace kalma za a faɗi abin da littafin faransanci ya faɗa? A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da hausa harshen ƙasa a Nijar, faransanci da ingilishi kuma harsunan aiki. Da wannan mataki tambayar ta ƙara nauyi, domin ba aji kaɗai ta shafa ba, har da ɗakin shan magani, inda kalma ɗaya kan sa a yi wa majinyaci abin da ya dace ko akasinsa.

A cikin wannan maƙala za mu ɗauki ƙashi guda, wanda faransanci ke kira clavicule, mu duba siffarsa da yadda take bambanta daga mutum zuwa mutum. Abin da muke son nunawa shi ne: wannan ƙashi ba shi da lanƙwasa guda da za a ce ita ce daidai, saura kuwa naƙasa. Saboda haka hausar koyarwa na bukatar abu biyu: suna wanda ba ya rikitarwa, da kalmomin da ke raba lanƙwasar halitta da karkacewar da karaya ke bari.

Mun zaɓi Gure a matsayin misali saboda yanayinta. Garin yana kan babbar hanya ta 1, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Mangawa, Hausawa, Fulani, Tubawa da Buzaye na haɗuwa a kasuwarsa, kuma hausa na cikin harsunan da suke ciniki da su. Ma'aikacin lafiya ya yi karatunsa da faransanci, majinyaci kuwa ƙila kanuri ko fulfulde ne harshen gidansu, sai su haɗu a kan hausa. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gunduma, sai babban asibitin Damagaram. A irin wannan wuri, kalmar da aka faɗa ta waya kafin mota ta taso ita ce bayanin farko da likita ke samu.

Misalan an rubuta su bisa ƙa'idar rubutun yau da kullum, ba tare da alamar karin sauti ko tsawon wasali ba.

1. Batun suna

1.1. Ƙashin wuya: suna ɗaya, abu biyu

A maganar yau da kullum ana kiran wannan ƙashi ƙashin wuya. Mu dubi waɗannan jimloli:

(1) Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito.
(2) Ya faɗo daga kan raƙumi, ƙashin wuyansa ya karye.

A jimla ta (1) babu shakka. Abin da ke fitowa idan mutum ya rame shi ne ƙasusuwan nan biyu da ke kwance a gindin wuya ta gaba. A jimla ta (2) kuwa ma'ana biyu ce. Ana iya nufin ƙashin na jimla ta (1), ana kuma iya nufin ɗaya daga cikin ƙasusuwa 7 da suka jeru a bayan wuya (vertèbres cervicales), waɗanda laka ke ratsawa ta cikinsu. Tazarar da ke tsakanin ma'anonin nan babba ce. Karaya ta farko takan warke cikin makonni, sau da yawa da rataye hannu kawai. Ta biyu kuwa tana iya shanye hannuwa da ƙafafu ko ta kai ga rasa rai, kuma wanda ya same ta ba a zaunar da shi, ba a juya kansa, a kwance ake ɗaukarsa an tokare wuyan.

Mai sauraro a gida yana warware rikicin da idonsa, tun da mai magana kan ɗora yatsa a wurin. A rubuce ko ta waya babu yatsa.

1.2. Dalilin giɓin

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin sassan jiki. Akwai haƙarƙari, kwankwaso, ƙwauri, guringuntsi, ɓargo, laka, allon kafaɗa da sauransu. Abin lura shi ne, duk waɗannan ana ganinsu a mahauta. Bahaushe ba ya feɗe gawar ɗan Adam, jikin dabba shi ne littafinsa na ilimin ƙashi. To, saniya, tunkiya, akuya da raƙumi duk ba su da wannan ƙashi, haka ma doki da jaki. A jikinsu tsoka ce kaɗai ke riƙe da allon kafaɗa, wanda ke ba ƙafar gaba damar lilo gaba da baya wajen gudu. Mahaucin Gure zai yi shekara 40 yana fawa bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Kyanwa na da ɗan guntu da ke cikin tsoka, biri na da cikakke irin namu, a jikin kaza kuwa na dama da na hagu sun haɗe sun zama ƙashin nan mai baki biyu da ke gaban ƙirji. A ganinmu, wannan na cikin dalilan da suka sa ƙashin ya tsaya a kan sunan maƙwabcinsa, wato wuya.

1.3. Yadda wasu harsuna suka yi

Kalmar clavicule ta fito daga latinanci clavicula, ƙaramin mabuɗi. Larabci na da tarƙuwa, wadda jam'inta, taraƙi, ya zo a aya ta 26 ta Suratul Ƙiyama, don haka malaman allo sun san ta. Sunayen ƙasusuwa na duniya kuwa an daidaita su sau da dama: a Bazel ta Suwizalan a 1895, a Paris a 1955, sa'an nan a tsarin 1998 da ake kira Terminologia Anatomica. Bisa wannan daidaitawa, faransancin likitoci ya bar omoplate ya koma scapula, amma ya riƙe clavicule. Wato ko harshen da ya daɗe a fannin yakan gyara sunayensa idan bukata ta taso.

1.4. Shawara

Aro ba zai biya bukata ba, domin ko an rubuta kilabikil, majinyaci bai ƙaru da kome ba. Fassara kai tsaye, ƙaramin mabuɗi, ita ma ba ta nuna wuri. Muna ba da shawarar ƙashin gaban kafaɗa. Dalilanmu uku ne. Na farko, duk wanda ya ji shi zai kai hannu wurin da ake nufi. Na biyu, yana tafiya da allon kafaɗa, wanda kowa ya sani, ga na gaba ga na baya, kuma su biyun ne suka haɗu suka yi kafaɗa. Na uku, ya bar wa wuya sunansa, sai a kira ƙasusuwan nan 7 gaɓoɓin wuya. Da wannan suna za mu ci gaba.

2. Siffar ƙashin da aikinsa

2.1. Wuri

Ƙashin gaban kafaɗa yana kwance a gicciye, daga kan ƙashin ƙirji zuwa tsinin allon kafaɗa. Shi kaɗai ne dogon ƙashi da ke kwance haka a jikin mutum, kuma ta gaɓarsa da ƙashin ƙirji kaɗai ƙasusuwan hannu ke haɗe da na gangar jiki. Tsawonsa ga baligi wajen santimita 15 ne, ya ɗan fi ko ya ɗan kasa. Aikinsa irin na tokara ne: yana tura kafaɗa gefe, nesa da ƙirji, don hannu ya sami filin motsi. Ƙarƙashinsa manyan jijiyoyin jini da jijiyoyin ji da motsi na hannu suke wucewa, kan huhu ma yana kusa.

Shi ne ƙashin da ke fara ƙulluwa a jikin ɗan tayi, tun mako na 5 zuwa na 6. Shi ne kuma na ƙarshe wajen gama girma, domin kansa na wajen ƙirji ba ya gama haɗewa sai mutum ya wuce shekara 20, wani ma sai ya kusa 30.

2.2. Lanƙwasa biyu

Idan aka ɗora ƙashin a kan tebur aka dube shi daga sama, siffarsa ta harafin S ce da aka ɗan miƙar. Kashi biyu cikin uku na wajen ƙirji sun yi doro zuwa gaba. Kashi ɗaya na wajen kafaɗa ya yi doro zuwa baya. Ta farko za mu kira ta lanƙwasar ciki (courbure médiale), ta biyu lanƙwasar waje (courbure latérale). Mai karatu na iya bin su da yatsa a jikinsa: daga ramin maƙoshi ƙashin zai turo yatsan gaba, sa'an nan wajen kafaɗa ya bar shi ya faɗa ɗan kwari.

Ban da waɗannan, idan aka dubi ƙashin ta baya akan ga wata lanƙwasa marar zurfi, ta sama da ƙasa. Jean-Luc Voisin, wanda ya kwatanta ƙashin mutum da na birai a wani bincike da ya fito a 2006, ya nuna cewa ga yawancin mutanen yau wannan lanƙwasa guda ce, ga wasu tsiraru kuma biyu.

2.3. Amfanin lanƙwasar

Lanƙwasar ciki na bin siffar ƙirji, tana bar wa jijiyoyi hanya. Ta waje kuma na da aiki wajen ɗaga hannu. Tun 1944 Inman da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana cewa idan mutum ya ɗaga hannu sama, ƙashin na juyawa a kan tsawonsa. Gwargwadon hanyar awo, juyawar kan kai digiri 30 zuwa 50. Da miƙaƙƙen sanda ne, juyawar ba za ta ɗaga kome ba. Da yake lanƙwasasshe ne, sai kansa na waje ya tashi, kamar mariƙin injin niƙa na hannu, ya tafi da allon kafaɗa. Mace mai daka da mai jan guga a rijiya suna wannan motsi sau ɗaruruwa a yini.

3. Yadda ake auna lanƙwasa

Ba a iya maganar bambanci sai da ma'auni. A 1916 F. G. Parsons ya auna ƙasusuwan Ingilawa ta hanyar kusurwoyi (kada a rikita shi da F. W. Parsons na nahawun hausa, wanda za mu gamu da shi a sashe na 6). Daga 1951 zuwa 1956 Georges Olivier ya fitar da jerin maƙalu a Paris a kan wannan ƙashi kaɗai, kuma hanyarsa ce Voisin ya bi.

Hanyar mai sauƙi ce. Ana ɗaukar kowace lanƙwasa a ja miƙaƙƙen layi daga farkonta zuwa ƙarshenta. Sa'an nan a auna nisan da ke tsakanin wannan layi da wurin da lanƙwasar ta fi zurfi. A raba na biyu da na farko, a ninka sau 100. A lissafin faransanci sunayen abubuwan nan uku su ne arc, corde da flèche, dukansu daga kayan maharbi. Hausa na da su cif: baka, tsirkiya da kibiya. A nan ba a bukatar ƙirƙira ko aro:

(3) ma'aunin lanƙwasa = kibiya ÷ tsirkiya × 100

Ga misali na lissafi kawai. Idan tsirkiya milimita 100 ce, kibiya 10, ma'auni 10 ne. Idan tsirkiya 90 ce, kibiya 13,5, ma'auni 15 ne. Ƙashi na biyu ya fi gajarta amma ya fi lanƙwasa. Amfanin rabawar ke nan, tana ba da damar kwatanta ƙashin dogo da na gajere. Haka kuma bayan baka da cikin baka na iya ɗaukar ma'anar convexité da concavité, ko a ce doro da kwari.

4. Bambanci tsakanin mutane

4.1. Namiji da mace

A matsakaici, ƙashin namiji ya fi tsawo, ya fi kauri, ya fi lanƙwasa, kuma gurabun da tsoka ke kamawa sun fi fitowa. Na mace ya fi gajarta da santsi, lanƙwasarsa ba ta kai ta namiji ba. Kalmar matsakaici na da muhimmanci a nan. Akwai mata masu ƙashi mai zurfin lanƙwasa, akwai maza masu kusan miƙaƙƙe.

4.2. Dama da hagu

Ko a jikin mutum guda ƙasusuwan biyu ba tagwaye ba ne. Galibi na hagu ya ɗan fi tsawo, na dama ya fi gajarta da kauri. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013, bisa hotunan na'urar sikana, ya sami bambancin tsawo na milimita 5 ko fiye ga kusan mutum 3 cikin 10. Wannan ya shafi aiki kai tsaye, domin maɗori da ma'aikacin asibiti duk da ɗaya gefen suke gwadawa. Gwajin na da amfani, amma ɗan bambanci kaɗan ba hujjar rauni ba ne.

4.3. Aiki da shekaru

Litattafan ilimin jiki sun daɗe suna cewa ƙashin masu aikin ƙarfi ya fi kauri da lanƙwasa. Dalilin a fili yake: ƙashi abu ne mai rai, yana ƙara jiki a inda nauyi ke yawan sauka. Da yake wannan ƙashi na girma har bayan shekara 20, duk aikin ƙuruciya da samartaka a kansa yake. A ƙasar Gure wannan aiki ya haɗa da shayar da garke daga rijiya mai zurfi, haƙar kanwa da hawan dabino a cikin kwaruruka, noma, daka da kokowa.

A ƙarƙashin ƙashin, wajen ƙirji, inda wata jijiyar ɗauri ke haɗa shi da haƙarƙari na farko, wasu mutane na da ɗan rami (fosse rhomboïde). An fi samunsa ga maza. A hoton ƙashi yakan yi kama da wurin da cuta ta ci, alhali kuwa halitta ce.

4.4. Al'umma

A zamanin Olivier, burin masu awo shi ne rarraba ƴan Adam jinsi-jinsi. Abin da awon ya nuna shi ne ma'aunan al'ummomi na shiga cikin juna ƙwarai. Ba a iya ɗaukar ƙashi guda a ce wannan na Bamange ne, wancan na Bahaushe ko Bafillace. A gari irin Gure ya kamata darasi ya faɗi haka a fili, don kada ɗalibi ya ɗauka kowace ƙabila da nata ƙashin.

4.5. Abubuwan da ba a cika gani ba

Akwai jariran da ake haifa da ƙashin a rabe biyu ba tare da karaya ba (pseudarthrose congénitale), kuma kusan kullum a gefen dama ne. Akwai kuma wata larura ta gado da Pierre Marie da Paul Sainton suka siffanta a ƙarshen ƙarni na 19, inda ƙashin ke zama guntu ko babu shi sam, har mutum ya iya haɗa kafaɗunsa a gaban ƙirji. A 1997 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta. Waɗannan biyun larura ne. Bambance-bambancen da muka kawo daga 4.1 zuwa 4.4 kuwa duk cikin lafiya suke.

5. Idan ƙashin ya karye

Wannan ƙashi na cikin waɗanda suka fi karyewa. Yawanci faɗuwa ce a kan kafaɗa: daga kan jaki, raƙumi ko kabu-kabu, ko kaye a filin kokowa. Shi ne kuma ƙashin da ya fi karyewa ga jariri wajen haihuwa mai wuya. Bisa rabon da Allman ya yi a 1967, karayar iri uku ce: ta tsakiya, ta wajen kafaɗa da ta wajen ƙirji. Ta tsakiya ita ce kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, domin a nan lanƙwasar biyu ke haɗuwa, a nan ƙashin ya fi siranta, kuma babu jijiyar ɗauri da ke tallafe shi.

Bayan karaya, tsokar wuya na jan guntun ciki sama, nauyin hannu na jan guntun waje ƙasa. Ba a iya kewaye wurin da karare yadda maɗori ke yi wa ƙwauri ko damtse. Abin da ake yi, a asibiti ma, shi ne rataye hannu da ƙyalle ko ɗauri mai siffar 8 ta bayan kafaɗu. Yaro kan warke cikin mako 3 zuwa 6, babba cikin mako 6 zuwa 12. A wurin haɗuwar sabon ƙashi kan taru ya yi ƙullutu (cal). Ga jariri ƙullutun kan bayyana bayan kamar mako guda, sau da yawa shi ne abin da uwa ke fara gani, kuma yakan baje da kansa. Ga babba yakan rage saura, kuma idan guntayen sun hau juna ƙashin kan warke a gajarce, da kusurwa a inda da baka ne.

Idan gocewar ta yi yawa, likitan ƙashi kan yi aiki ya ɗaure guntayen da sillen ƙarfe da kusoshi. Wannan hanya ta ƙara yaɗuwa bayan wani gwaji da likitocin Kanada suka buga a 2007, a kan majinyata 132. Kamfanoni na ƙera ƙarfen da lanƙwasarsa tun daga masana'anta. A cikin shekarar nan ta 2007, Huang da abokan aikinsa a Kilibilan ta Amurka sun gwada irin wannan ƙarfe a kan ƙasusuwa 200, suka ga ya fi zama daidai a kan na maza fiye da na mata. Wato ƙarfen an yi shi ne a kan matsakaici, majinyaci kuwa mutum guda ne da nasa ƙashin, shi ya sa likita kan ƙara lanƙwasa ƙarfen a ɗakin aiki. Hotunan ƙirji da ake ɗauka a asibitocin jihar Damagaram na ɗauke da wannan ƙashi, kuma nazarinsu aiki ne da ɗaliban likitanci za su iya somawa a kai.

Ga ma'aikacin ɗakin shan magani, alamun rarrabewa ba su da wuya. Lanƙwasar halitta sumul take daga farko zuwa ƙarshe, ba ta ciwo, kuma ɗaya gefen na da irinta ko da ba daidai wa daida ba. Tsohuwar karaya na da kusurwa ko ƙullutu a wuri guda, kuma akwai labarin faɗuwa. Sabuwa kuwa na da ciwo da kumburi, mutum na tallafe da gwiwar hannunsa. Idan hannun ya mutu, ko ya yi sanyi, ko numfashi na wuya, ko ƙashi na neman huda fata, ba a jira.

6. Kalmomin lanƙwasa

Saura mu ga da waɗanne kalmomi za a faɗi wannan bambanci. Hausa na da aikatau da dama a wannan fage, kuma tsarin azuzuwa 7 (degrés) da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 na taimakawa wajen jera su:

(4) lanƙwasa (aji 1), lanƙwashe (aji 4), lanƙwasu (aji 7)
(5) tanƙwara (aji 1), tanƙware (aji 4), tanƙwaru (aji 7)
(6) karkata (aji 1), karkace (aji 4)

Aji na 4 a nan na nuna cewa abu ya bar yanayinsa na da ya koma wani. Wanda ya ce ƙashin ya lanƙwashe ya faɗi cewa da can miƙaƙƙe ne. Ga ƙashin gaban kafaɗa wannan ba gaskiya ba ne, tun a ciki da lanƙwasarsa yake. Tanƙwara kuwa na ɗauke da ma'anar ƙarfi daga waje, kamar yadda maƙeri ke yi wa ƙarfe, don haka ta dace da sillen ƙarfen likita, ba ƙashin ba. Karkace na ɗauke da hukunci: abin da ya karkace ya kauce wa daidai, shi ya sa ake faɗinta ga gini, ga layi, har ga hali. Kwatanta:

(7) Baba, ƙashin naka ya karkace.
(8) Baba, ƙashin naka yana da lanƙwasa, haka Allah ya yi shi. Taɓa nawa ka ji.

Dattijon da aka gaya wa jimla ta (7) zai fita da niyyar neman wanda zai miƙar masa. Jimla ta (8) ta yi amfani da suna, lanƙwasa, tare da yana da, kamar yadda ake cewa yana da tsawo ko yana da faɗi. Wannan ginin ba ya nuna wani abu ya faru, siffa ce kawai, kuma yana karɓar ƙari da ragi: ya fi lanƙwasa, bai kai lanƙwasa ba. Da shi ake iya faɗin duk abin da ke sashe na 4. Karkace sai a ajiye ta don abin da ke sashe na 5:

(9) Inna, karayar ta haɗe, amma ƙashin ya ɗan karkace, ƙullutun nan shi ne ɗorin.

Mai fassara littafi daga faransanci zai gamu da courbure da déformation. Idan ya ba su kalma guda, ya shafe iyakar da dukan darasin ya ginu a kanta. Haka ma kalmar variation: bambancin halitta ce, bai kamata a fassara ta da naƙasa ko tawaya ba.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ƙashin gaban kafaɗa na da lanƙwasa biyu manya, kuma zurfinsu na bambanta bisa jinsi, gefe, aiki da shekaru, ba tare da wata cuta ba. Mun ga kuma cewa sunan da aka saba da shi na haɗa shi da gaɓoɓin wuya, waɗanda karayarsu wani al'amari ne dabam. Ga kalmomin da muke gabatarwa don tattaunawa:

clavicule: ƙashin gaban kafaɗa
scapula, omoplate: allon kafaɗa
vertèbres cervicales: gaɓoɓin wuya
courbure médiale, latérale: lanƙwasar ciki, lanƙwasar waje
arc, corde, flèche: baka, tsirkiya, kibiya
indice de courbure: ma'aunin lanƙwasa
variation anatomique: bambancin halitta
déformation: karkacewa
cal: ƙullutun ɗori

Ba ma nufin a hana mutane cewa ƙashin wuya a gidajensu, jimla ta (1) hausa ce mai kyau kuma za ta ci gaba. Abin da ake bukata shi ne ma'aikaci, in ya ji ta a bakin mai rakiya, ya tambaya: na gaba ko na baya? Mataki na gaba shi ne a gwada wannan jeri a Gure, a karanta wa maɗora, ungozomomi da ma'aikatan asibitin gunduma kowace kalma ba tare da nuni ba, a ga inda suka kai hannu. A yi haka kuma da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram, da masu jin hausa a matsayin harshe na biyu. Kalmar da ta sa hannu ya sauka a wurin da ake nufi ita za a shigar a littafi, wadda ta kasa kuma a sake mata shawara.